Albashi Wata-Wata, Hidima Shekara-Shekara: Yadda Bashi Ke Shiga Gidajen Ma'aikata A Unguwa Uku

Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda hedkwatarta ke Unguwa Uku a kan titin Zariya, tana cikin yankunan birnin Kano da ma'aikatan albashi suka yi yawa. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna akwai mutum 221,367 a cikinta, daga wannan lokaci kuwa unguwanninta sun ƙara cika sun batse, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Daurawa har zuwa Darmanawa da Hotoro. A nan malaman makaranta da yawa ke zaune, da ma'aikatan jinya na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da akawuna da masinjojin ma'aikatun gwamnati, da ɗaliban manyan makarantu masu kama ɗakin haya.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin waɗannan bayin Allah, watau "wata ya yi nisa". Da ma can ba a jin ta sai an kai wajen ashirin ga wata. Yanzu kuwa akan ji ta tun ba a kai goma ba, domin albashin yakan iske masu jiransa sun yi layi: mai shago da littafinsa, uwar adashi, mai gidan haya, da banki wanda shi ba ya ma jira a miƙa masa, da kansa yake zarewa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, amma akwai bambanci tsakanin wanda bashi ke cikinsa da wanda shi ne ke cikin bashi. Abin tambaya shi ne, ta wace ƙofa bashin nan ke shiga gidan mutumin da ke da albashi tabbatacce kowane wata?

Darasin Udoji

Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce albashi ya yi kaɗan, kuma wannan gaskiya ce wadda ba mai musunta. A shekarar 1981, lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta tsayar da albashi mafi ƙanƙanta a kan Naira 125, wannan kuɗi ya kai kimanin Dalar Amurka 200. An ɗaga shi zuwa Naira 18,000 a 2011, da Naira 30,000 a 2019, sa'an nan Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, Gwamnatin Jihar Kano kuma ta amince da Naira 71,000 a watan Oktoba na wannan shekara. Amma a ranar da aka sa hannu a kan Naira 70,000 ɗin, darajarta ba ta kai Dala 50 ba. Bugu da ƙari, janye tallafin man fetur da aka yi ran 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura Naira 1,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin kayan abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a watan Yuni na 2024. Ba ma'aikaci ne ya jawo wannan ba, ba kuma shi zai gyara shi ba.

Duk da haka, dattawan da suka yi aikin gwamnati a zamanin Janar Yakubu Gowon suna da wani labari da ya kamata na baya su saurara. A shekarar 1974 ne kwamitin da Cif Jerome Udoji ya shugabanta ya miƙa rahotonsa a kan tsarin aikin gwamnati, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi irin wanda ba a taɓa gani ba, har waɗansu ƙananan ma'aikata suka sami ninkin abin da suke ɗauka. A farkon 1975 aka biya su, haɗe da ariyas na watanni da dama a dunƙule. Kasuwa ta cika da masu sayen babur da keke da rediyo da agogo, aka yi ta ɗaura aure. 'Yan kasuwa su ma suka yi wa kansu nasu Udojin, kafin shekarar ta ƙare hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Ba a yi nisa ba kuɗin mai ya ja baya, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, aka kuma faɗa cikin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida a 1986. Waɗanda suka sayi fili ko suka aza harsashin gida da kuɗin Udoji su ne 'ya'yansu ba sa biyan haya a yau. Waɗanda suka ɗaga matsayin cinsu da shansu daidai da sabon albashi kuwa, su ne suka fara sanin littafin mai kanti.

Watau ƙarin albashi yana rage zafi, amma ba ya toshe ƙofar da bashi ke bi. Ƙofar tana wani wuri dabam.

Inda Giɓin Yake

Albashi wata-wata yake zuwa. Manyan hidimomin magidanci a Kano kuwa ba sa bin wata, shekara suke bi. Kuɗin haya a Unguwa Uku da kewayenta akasari na shekara guda ake biya a dunƙule. Kuɗin makaranta sau uku ne a shekara, mafi nauyinsu kuma shi ne na watan Satumba, sa'ad da ake sauya aji da littattafai da kayan makaranta. Azumi yana zuwa da nasa ƙarin, na sukari da madara da kayan buɗa-baki, yana ƙarewa a shiga ɗinkin Sallah na yara da na uwargida. Bayan wata biyu da kwana goma sai Babbar Sallah. Tun da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kimanin kwana 11, waɗannan hidimomi suna matsowa gaba kowace shekara, wata shekarar ma sukan haɗu da biyan kuɗin makaranta ko na haya a wata guda. Ga biki da suna da ta'aziyya, waɗanda ba a san ranarsu ba amma an tabbata ba za a ƙare shekara ba a yi su ba. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke bin damina gida-gida.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke zuwa ba zato ba tsammani. Amma mafi yawan magidanta sukan ɗauki albashin wata gaba ɗaya a matsayin na cefanen wannan wata, idan ranar babbar hidima ta zo sai ta iske aljihu wayam, a tafi neman rance.

A ɗauki misalin ma'aikacin da, bayan an cire haraji da fansho, yake karɓar Naira 120,000 a wata. A ce hayar gidansa Naira 240,000 ce a shekara, kuɗin makarantar yara na zango uku Naira 90,000, ƙarin hidimar azumi da Ƙaramar Sallah Naira 70,000, gudummawar biki da suna Naira 40,000, magani da asibiti Naira 40,000. Jimla ta kama Naira 480,000, ba a ma sa ragon layya ba. Idan aka raba ta gida 12, kowane wata yana ɗauke da Naira 40,000. Ashe ke nan albashin da wannan mutum ke da ikon ci a wata Naira 80,000 ne, sauran sulusin yana da masu shi tun kafin ya shigo hannu. In ya ci 120,000 ɗin duka, to, a kowane wata yana cin bashin Naira 40,000 ne ba tare da ya sani ba, sai ranar da mai gida ya aiko da takarda sa'an nan bashin zai bayyana.

Naira 80,000 kuwa, in an raba ta kwana 30, ba ta kai Naira 2,700 a rana ba, kuma a ciki za a yi awo da cefane, a biya A Daidaita Sahu zuwa ofis da dawowa, a sayi gawayi ko iskar gas, a sallami ɗan garuwa, a biya kuɗin wuta, a sa kati a waya. Lissafi ne mai ɗaci, shi ya sa mutane da yawa ke gudun yin sa. To, amma wanda ya yi shi ya san iyakar tafiyarsa, ya kuma san tun da wuri ko gidan da yake haya ya fi ƙarfinsa, ko makarantar da ya sa yara ce ta fi ƙarfinsa, ko kuwa lalle sai ya nemi wata sana'a bayan tashi daga aiki.

Ƙofofin Bashi Da Farashinsu

Harshen Hausa ya bambanta aro da rance. Abin da aka ara shi kansa ake mayarwa, abin da aka ranta kuwa kwatankwacinsa ake biya. A duka biyun ba a san ƙari ba. Rancen zamani kuwa da farashinsa yake zuwa, kuma kowace ƙofa da nata.

Ƙofa ta farko ita ce ta mai shagon unguwa. Shi ba ya ɗora kuɗin ruwa, mutunci da maƙwabtaka ne jinginarsa. Illar tana wajen cewa mai saye bashi ba ya ciniki, ba ya zuwa wani shagon ya gwada farashi, kuma ƙulli-ƙulli yake saye, wanda shi ne mafi tsadar awo. Shinkafa ko man girkin da ake saye ƙulli-ƙulli a unguwa, in an tara kuɗinsu na wata, sukan zarce abin da za a biya a kasuwar Tarauni ko ta Singa a saye ɗaya. Ga shi kuma mai shago ne kaɗai ke riƙe da littafi, mai karɓa ba ya rubutawa, sai ƙarshen wata a yi ta musu a kan abin da aka aiki yaro ya karɓo.

Ƙofa ta biyu ita ce ta bankuna da kamfanonin da ke bai wa ma'aikata rance a kan albashi. A nan ne ake bukatar alƙalami. A ce an ranta wa mutum Naira 200,000 a kan kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari a wata, zai biya cikin shekara guda. Kashi 5 ba shi da nauyi a kunne. Amma idan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya ake lissafa shi kowane wata, ya zama Naira 10,000 sau 12, watau Naira 120,000, mutum ya karɓi 200,000 ya biya 320,000. Har ila yau, tun da yake yana rage uwar kuɗin kowane wata alhali ruwan bai ragu ba, ainihin abin da yake biya a kan kuɗin da ya saura a hannunsa ya kai kashi 8 cikin ɗari a wata. Wannan ban da ladan cika takarda da na inshora da akan zare tun kafin kuɗin ya shigo. Saboda haka tambayar da ta wajaba a kan mai karɓar rance guda biyu ce: nawa zai shigo hannu, nawa kuma za a biya gaba ɗaya? Bambancin da ke tsakaninsu shi ne farashin rancen, ko da wane suna aka kira shi.

Ya kamata kuma a sani cewa zamanin gudu daga wannan banki zuwa wancan ya wuce. Tun 2014 aka fara haɗa dukkan asusun mutum da lambar BVN guda, kuma daga ran 1 ga Agusta, 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna izinin zare bashin da aka ƙi biya daga duk wani asusu da mai bashin ke da shi a wani banki, muddin ya sa hannu a kan wannan sharaɗi sa'ad da yake karɓa. Mutane da yawa sukan sa hannun ba tare da sun karanta ba.

Ƙofa ta uku, wadda ta fi sauran saurin buɗewa, tana cikin wayar salula. Manhajojin ba da rance ba sa neman jingina ko mai tsayawa, cikin minti kaɗan kuɗi sun shigo. In mutum ya karɓi Naira 20,000 aka ce ya mayar da 24,000 bayan mako biyu, ya biya kashi 20 cikin ɗari ke nan a kwana 14, wanda in aka bi shi shekara guda ya haura ninki biyar na abin da ya ranta. Jinginar da ya bayar kuwa ita ce mutuncinsa, domin da yawa daga cikin manhajojin nan sukan kwashe lambobin da ke cikin waya, ranar da biya ya yi jinkiri su aika wa surukai da abokan aiki saƙon cin mutunci. Abin ya yi ƙamarin da a watan Maris na 2022 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, watau FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansu daga cikinsu a Legas, daga baya kuma ta wajabta musu yin rajista. Duk wanda aka ci wa mutunci ta wannan hanya yana da ikon kai ƙara ga hukumar, ko da yake bashin da ya ci yana nan a wuyansa.

Ƙofa ta huɗu ta fi kama da rami. Mutumin da bashi ya yi wa katutu shi ne ya fi saurin yarda da masu alkawarin ninka kuɗi. Shirin MMM ya rufe asusun jama'a a watan Disamba na 2016, Hukumar Inshorar Ajiyar Banki ta Ƙasa kuma ta ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan uku sun yi asarar Naira biliyan 18. A watan Afrilu na 2025 irin wannan ta sake faruwa da CBEX. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin Da Addini Da Doka Suka Tanada

Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani Mai Girma, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take magana, tana umurni da a rubuta shi, a sa masa wa'adi, a kuma kafa shaidu. Malamai suna karantar da cewa ba a raba gado sai an biya bashin mamaci, shi ya sa a wurin jana'iza akan yi shela ko akwai mai bin marigayi. Haka kuma shari'a ta hana riba, ta kwaɗaitar da mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma sanya waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun shekarar 2003.

Amma a aikace kunya ta hana rubutu. Mutum yana ganin in ya ce wa ɗan'uwansa a rubuta, kamar ya ce bai yarda da shi ba ne. Ƙarshenta zumuncin da aka ji kunyar ɓatawa da takarda shi ne ke ɓaci a gaban mai unguwa, ko a kotunan da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Tun shekarar 2019 sashen shari'a na Jihar Kano ya keɓe waɗansu kotunan majistare domin saurin yanke hukunci a kan ƙananan basussuka, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba. A can ma abin da alƙali zai fara nema shi ne shaida.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ita ma ta yi wani tanadi, cewa jimlar abin da za a cire daga ladan ma'aikacin da dokar ta shafa a wata guda kada ya wuce sulusi. Ko ga manyan ma'aikatan da dokar ba ta rufe ba, wannan ma'auni ne mai kyau. Wanda biyan bashi ke cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa, to, da wuya ya kai ƙarshen wata ba tare da ya ci wani sabon bashi ba.

Ga masu gudun riba, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo baya a 2019. Irin waɗannan bankuna sukan sayi kayan da mutum ke bukata su sayar masa da ribar ciniki sananniya, ya biya sannu a hankali. Halaccin ciniki ba ya nufin araha, nan ma tilas ne a tambayi jimlar abin da za a biya.

Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Maganin giɓin da ke tsakanin wata da shekara ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Adashi shi ne dabarar da iyaye mata suka daɗe da ganowa ta mai da ƙananan kuɗi na yau da kullum su zama dunƙule. Ba ya kawo riba, amma yana raba mutum da kuɗin da in suna hannunsa zai ci. Amfaninsa yana cika ne idan an daidaita kwasa da ranar hidima. Ma'aikata 12 da ke zubin Naira 20,000 a wata, kowannensu zai kwashi Naira 240,000 sau ɗaya a shekara, in kowa ya zaɓi watan da hayarsa ke cika, an gama da mai gida ba tare da kuɗin ruwa ba. Sharaɗin dai shi ne a san uwar adashi, a san masu zubi, a rubuta jerin kwasa, domin wanda ya kwasa da wuri bashi ya ci, wanda zai kwasa a ƙarshe kuwa shi ne ya ba da rance.

Ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata, waɗanda dokarsu ta farko a Nijeriya ta samo asali tun 1935, adashi ne da aka yi wa rajista. Ana cire zubi daga albashi tun kafin ya iso hannu, ana ba da rance mai sauƙi, waɗansu kuma sukan sayo shinkafa da sukari da mai a sari gabanin azumi su raba wa 'ya'yansu. Wajibi ne dai 'yan ƙungiya su riƙa halartar taron shekara suna neman a karanta musu lissafi, domin dukiyar da ba mai tambaya ita ce ke salwanta.

Sai kuma awon kaka. Daga watan Oktoba zuwa Disamba ne gero da dawa da masara da wake ke shigowa kasuwar Dawanau da kasuwannin ƙauye, a bisa al'ada kuma lokacin ne suka fi sauƙi, su yi tsada idan damina ta yi nisa. Magidancin da ya daidaita kwasar adashinsa da kaka, ko ya haɗa kuɗi da maƙwabta suka raba buhu, ya sayi kwanciyar hankalin watanni. Wannan tanadin ci ne, ya bambanta da ɓoye abinci don a sayar da tsada, irin wanda ya sa hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta rufe waɗansu rumbuna a Dawanau a watan Fabrairu na 2024. Waɗanda suka tara hatsi don neman riba sun ji jiki a 2025, sa'ad da farashi ya sauko. Wanda ya saya don tuwon gidansa kuwa ya ci abinsa.

Ta fuskar rashin lafiya, Jihar Kano ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya da dokar 2016, inda ake cire wani abu daga albashin ma'aikaci domin kula da shi da iyalinsa. Ya kamata kowane ma'aikaci ya tabbata sunayen matarsa da 'ya'yansa suna cikin rajista, ya kuma san asibitin da aka tura shi tun kafin ciwo ya zo.

Uwargida Da Hidimar Biki

Ba a tsara kasafin gida a bayan idon wadda ke riƙe da tukunya. Magidanta da yawa suna ɓoye wa matansu adadin albashinsu, su kuwa matan, tun da ba su san iyakar rijiyar ba, sai su yi ta zura guga. Matar da aka zauna da ita aka nuna mata lissafin shekara ta fi kowa sanin inda za a rage, domin ita ta san kwano nawa gidan ke ci a mako. Sau da yawa ma ɗan abin da take samu a ɗinki ko kitso ko sayar da ƙanƙara shi ne ke rufa asirin gidan a ƙarshen wata, ko da yake a shari'a dukiyarta tata ce, ciyarwa kuma a kan miji take.

A wajen biki ne lissafi ya fi rushewa. Lefe da kayan ɗaki da gara da anko da kama zauren taro sun mai da aure abin da ake shekaru ana biyan bashinsa. Gudummawar biki a tsakanin mata ita kanta bashi ce, domin abin da aka kawo wa mace ranar bikinta ana sa ran ta mayar da fiye da shi ranar na wadda ta kawo. Nauyin nan yana cikin dalilan da suka sa Gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisbah a 2012, a watan Oktoba na 2023 ma aka ɗaura auren mutum 1,800 da amarensu. Haka nan layya, malamai sun bayyana cewa a kan mai hali take. Cin rance mai ruwa don a ja rago daga 'Yan Awaki saboda idon maƙwabta ba ya cikin abin da addini ya nema.

Ɗalibai

Ɗalibin da ake aiko wa kuɗin zango a dunƙule matsalarsa ta ma'aikaci ce aka juya: shi kuɗinsa a tare suke zuwa, hidimarsa kuwa kullum ce. Dabararsa ita ce ya fara fitar da na rajista da na ɗaki da na littattafai, ya raba saura bisa makonnin zango, ya bar na komawa gida a gefe. Asusun ba ɗalibai rance na Gwamnatin Tarayya, NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a watan Afrilu na 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya kuma fara da ba ɗalibi Naira 20,000 a wata don ɗawainiya, ba tare da kuɗin ruwa ba. Amma rance ne, ana fara biyansa shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Wanda ya kai shi shagon cacar ƙwallo ya ci albashin da bai ma fara ɗauka ba.

Ga Wanda Ruwa Ya Riga Ya Ci

Mutumin da bashi ya riga ya dabaibaye, matakin farko gare shi shi ne ya zauna ya rubuta dukkan masu binsa a takarda guda, da adadin kowa, da ruwan da ke hawa kan kowanne. Da yawa ba su san jimlar abin da ake bin su ba, tsoron sani ne ke hana su. Sa'an nan ya daina cin sabon bashi don biyan tsoho. Ya fara kashe mai ruwa mafi tsada, wanda galibi shi ne na waya, yana ba sauran abin da ya sawwaƙa. Ya je da ƙafarsa wurin mai shago da 'yan'uwan da suka ranta masa, ya faɗa musu gaskiya, a sa sabon wa'adi, domin mai bin bashi ya fi jin zafin ɓuya da kashe waya fiye da jinkiri. In akwai wata kadara da ba ta kawo komai, sayar da ita da daraja ya fi a jinginar da ita ta tafi a banza.

Hukuma ma tana da nata kason. Biyan albashi a rana tsayayya, da biyan haƙƙin 'yan fansho a kan kari, da sa ido a kan kamfanonin da ke cire bashi daga albashin ma'aikata, duk suna rage yawan masu zuwa neman rance. Shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago kuma, kamar yadda suke fafutukar ƙarin albashi, ya dace su riƙa wayar da kan 'ya'yansu a kan sharuɗɗan rancen da ake kawo musu har ofis.

Amma abin da ke hannun magidanci a yau bai wuce littafi na 'yan Naira kaɗan da alƙalami ba. Ya rubuta watanni 12, ya sa kowace babbar hidima a gaban watanta, ya tara, ya raba, ya fitar da wannan kaso ranar da albashi ya shigo tun kafin ya biya ta kasuwa. Lissafin ba zai ƙara masa ko kwabo ba, amma zai nuna masa ranar biyan haya tun tana sauran wata 11. Tun ran gini ran zane.